Periska Mai Rai a Wurin Dida Kažimir

Tsibirin Lavrena, 9 ga Mayu

Zuwa ga Teta Jagoda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin koma Zadar lafiya, kuma aikin jami'a bai yi miki yawa ba. Mu nan lafiya lau. Mama tana gaishe ki. Babana yana can a jirgin dakon kaya, sai Satumba zai dawo. Kakana Dida Kažimir gwiwa ce ke damunsa, amma ya ce ba da gwiwa ake tuƙa jirgi ba, don haka kullum sai ya fita teku.

Wataƙila ba ki gane ni ba. Ni ce Vinka, 'yar Tonći, wadda ta zauna can ƙarshen tebur ranar bikin auren Marela, ta zubar da miya a rigarta lokacin da kika tambaye ta ajinsu. Dida ya ce shi da mahaifinki 'ya'yan wa da ƙani ne, shi ya sa na kira ki Teta, tunda kin zama mini goggo. In ban yi daidai ba ki yafe mini. Mama ta ce in buga miki waya, lambar tana manne a jikin firij. Sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Da baki harshena sarƙewa yake yi, amma a takarda nakan kai ƙarshen zance.

A wurin bikin na ji kina gaya wa Fada, limamin cocinmu, cewa periska, ƙatuwar halittar nan mai ɓawo biyu da ke tsayawa a ƙasan teku, ta ƙare. Kin ce cuta ta share su tun daga Sifen har bakin tekunmu, kun yi shekara biyu kuna nutso, duk wadda kuka samu ɓawo ne kawai a tsaye babu kowa a ciki.

Teta, akwai ɗaya mai rai.

Tana tsaye cikin ciyawar teku, a zurfin da bai wuce tsayina uku ba, tsininta a binne cikin yashi. Ta fi hannuna tsawo daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Bara na fara ganinta. Ranar Lahadi na sake shiga da gilashin nutso, ruwan da sanyi har haƙorana suna kaɗawa, na tarar tana nan, bakinta a buɗe kaɗan. Da inuwata ta faɗa mata sai ta rufe a hankali, kamar macen da ta ji taku a bakin ƙofa ta ja labule.

Tambayoyi sun cika mini kai. Tana gani ne? In ba ta da ido, yaya aka yi ta san na zo? Shekarunta nawa? Me ya sa cutar ta ɗauke kowa ta bar ta?

Matsalar ita ce, tana a poštar Dida, inda yake zuba kwandunan kifinsa. Kin dai san masunci ba ya faɗa wa kowa inda poštarsa take. Ko da ma zan faɗa, ban san hanyar ba. In mun fita ina can gaban jirgi da littafi, sai na ji ya kashe inji nake ɗaga kai. Littattafan soyayya ne. Gara ki ji daga bakina kafin Mama ta gaya miki.

Taki,
Vinka

Zadar, 17 ga Mayu

Vinka 'yata,

Na samu wasiƙarki, na gode. Ina lafiya, sai mura da na kwaso a cikin ruwa. Ki gaishe da mamarki, ki yi wa Dida sannu da gwiwa. Na tuna ki sarai, kuma miyar nan ba laifinki ba ne, cokulan gidan bikin ne ba su da zurfi.

A tsaye na karanta wasiƙar a bakin ofis, sai da na nemi kujera. Amma bari in ja wa kaina linzami. Mutane da yawa sun kira mu da irin wannan labari, muka je muka tarar da ɓawo. Periska takan mutu ta bar gidanta a tsaye shekara da shekaru. Abin da ya sa na ɗauki naki da muhimmanci shi ne rufewar nan. Matacciya ba ta rufe baki.

Ga amsoshinki. Ba ta da ido irin namu, amma tana jin sauyin haske da motsin ruwa. Mai girman da kika faɗa za ta iya girme ki, kuma in an bar su suna haura shekara arba'in. Cutar wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, tana shiga cikinta ta hana abinci amfanarta har ta mutu da yunwa. Me ya sa taki ta tsira? Ba mu sani ba. Wannan “ba mu sani ba” ɗin shi ne aikin da nake tashi in tafi kullum. In jikinta ne ya iya da cutar, to, a jikinta amsar take.

Tunda kina son labarin soyayya, ga wani kyauta. Akwai wasu ƙananan jatan lande da ke zama a cikin periska, yawanci biyu, mace da namiji. A nan suke rayuwarsu, in ta rufe ta rufe da su. Ki leƙa daga nesa ko za ki gan su. Kada ki taɓa ta, kada ki sa mata komai a baki.

Yanzu maganar gaske. Daga farkon Yuli jiragen 'yan hutu za su cika ko'ina, kowanne ya jefa ƙugiyarsa ta tsayar da jirgi cikin ciyawa ya ja. Ƙugiya ɗaya ta isa ta raba ta biyu. Ina so mu ɗora mata kejin ƙarfe kafin lokacin, mu ɗauki ɗan samfuri kaɗan mu auna. Sai dai ba zan iya ba sai na san wurin. Ki roƙi Dida ya ba ki alamun da yake bi ya gane wurin. Ki ce masa 'yar Frane ce ke tambaya.

Tetarki,
Jagoda

Lavrena, 30 ga Mayu

Teta Jagoda,

Da fatan murar ta sake ki. Mu lafiya, sai jarrabawa da ta sa ni gaba. Ɓauren da ke bayan gidanmu ya fara 'ya'ya.

Na gan su, jatan landen nan! Guda ɗaya dai na gani sosai, ɗan mitsitsi, jikinsa kamar gilashi, ya leƙo ya koma. Na tabbata mijin ne ya zo duba ko wane ne a ƙofa. Tun ranar nake tunaninsu. Yaya suke haɗuwa tun farko? Shi ke fara shiga ya jira, ko ita? In ɗaya ya mutu, ɗayan yana fita? Kada ki yi mini dariya.

Kwana biyar na yi ina juya maganar Dida a bakina. Ranar Alhamis muna cin kifi da dankali na rufe ido na faɗa.

Ya ce, “Wace 'yar Frane? Wadda na gani tana cin kifin sardin da wuƙa da cokali mai yatsu?”

Na ce, “Dokta ce fa, Dida.”

“Dokta! To ta zo ta duba mini gwiwa.”

“Ba irin wannan ba. Ta teku ce.”

“Au, teku ce ba ta da lafiya? Ban ji tana tari ba.”

Mama ta ce, “Baba, bar yarinyar nan ta gama magana, ka san sau ɗaya take yi a wata.”

Na bayyana masa komai, har kejin da ƙugiyoyin. Ya ci gaba da zare ƙaya daga kifi. Ni na riga na shirya jin a'a. Sai kawai ya goge hannu ya yi murmushi ya ce, “Naka ai naka ne. Frane ɗan'uwana ne, tare muka koyi ninƙaya. Ɗauko biro, 'yar boko.”

Ga su nan yadda ya faɗa. Ku tsaya ta yammacin tsibiri, inda hasumiyar coci za ta hau daidai kan rusasshen injin niƙan da ke kan tudu. Ku yi ta tafiya a kan wannan layin har farin dutsen bakin gaɓa ya ɓuya a bayan ƙaramin tsibiri. Nan ne.

Sharaɗinsa ɗaya: ku zo ta wajen babbar teku, kada ku shigo tashar jiragen ruwa, kada kowa a gari ya gan ku, ni ma kada in bi ku don kada a yi zargi. Mama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kwashe kwanuka ta fita. Ina jin mamaki ne ya kama ta kamar yadda ya kama ni. Ashe Dida yana da taushin zuciya, ɓoyewa yake yi, irin mazan nan na cikin littafi masu ɗaure fuska.

Ki rubuto mini da zarar kin gan ta. Ki gaya mini ko kyakkyawa ce a cikin irinsu.

Taki,
Vinka

Zadar, 19 ga Yuni

Vinka,

Ina fatan kowa lafiya, kuma jarrabawa ta yi kyau.

Mun je ranar Talata, mu huɗu, da jirgin sashenmu na jami'a da kejin da komai. Mun bi alamun kamar yadda kika rubuta. Hasumiya ta hau kan injin niƙa, farin dutse ya ɓuya. A ƙarƙashinmu zurfin mita talatin ne, yashi fari fat, ko tsinken ciyawa babu. Mun yi nutso sau biyu, mun kewaya hagu da dama. Babu komai.

Ba na jin haushinki. Mutum in yana son abu ƙwarai, wani lokaci ido yakan taya zuciya gani, balle ga mai yawan karatu irinki. Ni ma a shekarunki na ga abubuwa da yawa a cikin ruwa.

Jirgin ba nawa ba ne ni kaɗai, layi ake bi, kuma ba zan iya sake nemansa a kan wannan maganar ba. Ki ci gaba da kallon teku.

Jagoda

Lavrena, 12 ga Yuli

Teta,

Muna lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna. Na rubuta wasiƙa huɗu na yaga.

Kin ce ba kya jin haushina, amma abin da kika rubuta ya fi haushi ciwo. Na karanta layin nan na ido da zuciya har na haddace shi. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Har na fara tambayar kaina ko da gaske ƙirƙiro ta na yi, tunda na sha ƙirƙiro mutane in yi ta hira da su a raina.

Mama ce ta tsinci wasiƙarki a kan gadona. Ta karanta, ta zauna, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce mene ne abin dariya? Ta ce, “Wayyo Vinka! A garin nan aka haife ki kuwa? Ita dai a birni ta tashi, tana da uzuri. Ke fa?”

Teta, ashe haka abin yake. In baƙo ya tambayi mutum poštarsa, sai ya ce masa a'a, shi ke nan. Amma ɗan'uwa ba a ce masa a'a, cin fuska ne. Sai a yi masa murmushi, a ba shi alamu masu kyau, a tura shi inda babu ko ƙaguwa. Shi ma ya san ƙarya ce, sai ya yi godiya, kowa ya tashi da mutuncinsa, kuma ba ya zuwa. Mama ta ce ba a taɓa jin wanda ya ɗauki jirgi da mutum huɗu ya tafi da gaske ba sai ke. Ta ce shekara ashirin Dida yana tura surukinsa wannan yashin.

Na same shi a bakin tasha yana gyaran kwando. Ban san daga ina muryar ta zo mini ba.

Na ce, “Dida, ka mai da ni maƙaryaciya.”

Ya ce, “Ni na ce ki aika? Cewa na yi ki rubuta.”

“Ka san aikawa zan yi!”

“Na ɗauka 'yar Frane tana da wayon ubanta. Ashe boko ya cinye.”

Sai na fara kuka, abin da na fi tsana, ga tsofaffin masunta su Barba Bepo suna zaune a kan benci suna kallo. Dida ya ja ni bayan rumfa. Ya ce shekara talatin da suka wuce wasu mutane sun zo da takardu da kyamara, suka ce masu bincike ne. Ya kai su wani kogo a ƙarƙashin ruwa da jan murjani ya rufe bangonsa kamar lambu. Suka yi godiya, suka zana a taswira. Da bazara ta zagayo ya koma, ya tarar an kankare kogon tas. Bai san ko su ne ba, ko wanda ya ga taswirar. Ya ce, “Abin da aka rubuta ya zama na kowa. Abin kowa kuma ba ya kwana.”

Ke kina da amsar da za a ba shi?

Amma ga abin da ya sa dole na rubuto. 'Yan hutu sun iso. Shekaranjiya muka tarar da wani farin jirgi ya kwana daidai poštar. Da suka tafi na shiga. Ƙugiyarsu ta yi huɗa a cikin ciyawa kamar garma, ta tuge ta da saiwa, kuma huɗar ta wuce periska da abin da bai fi taku biyu ba. Tana nan da rai, ta rufe bakinta gam, yashi ya bulbule ta. Na kaɗa mata ruwa da hannu daga nesa. Da na fito, Dida ya dube ni, ya ɗauki bokitinsa mai gindin gilashi ya leƙa ƙasa. Ya daɗe. Bai yi wasa ko ɗaya ba har muka iso gida.

Yanzu na san alamun gaskiya. Na bar littafi a gida sau uku, na zauna ina kallon tudu, na gane su da kaina. Zan iya rubuta miki su a nan cikin layi biyu. Na ɗora biro na ɗaga. Ba zan iya ba, Teta. Ba nawa ba ne, kuma in na yi, ba zai sake kallona yadda yake kallona ba.

Na tambaye shi jiya, “In ita kaɗai ta zo fa?” Ya ce, “Pošta ba a faɗarta. Amma in 'yar'uwa ta shigo jirgina don ta taya tsoho jan kwando, ai ba zan ɗaure mata ido ba.” Sannan ya ƙara da cewa kwanduna goma sha takwas ne, kuma ba ya ɗaukar 'yan kallo.

Ban sani ba ko wannan ma irin murmushin nan ne. Na duba fuskarsa, ba ya murmushi. Don Allah ki zo. Ko ba ki yarda da ni ba, ki zo ki ga ƙaryar da idonki.

Vinka

Zadar, 18 ga Yuli

Vinka 'yata,

Lafiyata ƙalau, sai kunya. Ki gaishe da mamarki, ki ce mata ta yi dariyarta, na cancanta.

Ki yafe mini. Na rubuta layin nan ina gajiye, ina ganin lallashi nake yi, ashe mari ne. Ban taɓa ɗaukarki maƙaryaciya ba, amma na ɗauka kin yi kuskure, alhali kuskuren nawa ne. Da na karanta wasiƙarki sai na tuna mahaifina. Duk wanda ya tambaye shi inda ya samo kifi, sai ya nuna masa wani gefe da fara'a, ni kuma ina yarinya ina mamakin yadda Baba yake manta hanya haka. Shekara ashirin ina karantar teku, ban karanci gidanmu ba.

Kin yi daidai da ba ki rubuta alamun ba. Ki gaya wa Dida, amsar da zan iya ba shi ita ce: mu ma mun koyi darasinsa, da tsada. Inda duk aka samu periska mai rai ba ma bugawa, saboda masu son ɓawonta su rataye a falo. A takardunmu zan rubuta sunan yanki kawai. Ba zan sa wata alama a saman ruwa ba. Kejin a ƙasa zai zauna, mai wucewa ba zai san da shi ba. Abin da ya faru da kogonsa ba ni da yadda zan gyara shi, kuma ba zan ce ya manta ba.

Zan shigo jirgin fito na safiyar Asabar, ni kaɗai, da keji a naɗe cikin buhu da tulun iska ɗaya. In an tambaya a tasha, na zo gaida dangi ne, kuma gaskiya ce. Kwanduna goma sha takwas, na ji.

Tetarki,
Jagoda

Lavrena, 27 ga Yuli

Teta Jagoda,

Da fatan kin isa lafiya, kuma tafin hannunki ya fara warkewa. Mama ta ce ki riƙa shafa man zaitun, kada ki fasa ƙurajen. Gwiwar Dida da sauƙi. Babana ya bugo waya, na ba shi labari da bakina har na minti goma, ya ce wace ce wannan, ina aka kai 'yarsa?

Akwai abubuwan da ban iya gaya miki ba kina nan, kin san halina. Lokacin da kika fito daga ruwa kika cire gilashi, kika riƙe gefen jirgi, na ga ba ruwan teku kaɗai ne a fuskarki ba. Na juya kai don kada ki ji kunya. Ban taɓa karanta wani wuri a littafi da ya kai wannan ba. Kuma na gode da kika ce kyakkyawa ce. Na san tambayar wauta ce.

Kejin yana nan daram. Na duba shi sau uku. Ta buɗe baki a ciki kamar ba abin da ya faru. Yaushe sakamakon samfurin zai fito? Idan jikinta ne ya iya da cutar, 'ya'yanta ma za su iya?

Kina tafiya Dida ya fara ba da labarinki a benci. Ya ce, “Dokta guda, kwando na bakwai ta fara kiran sunan uwarta.” Barba Bepo ya ce a ina kuka ja kwandunan? Dida ya yi masa murmushi ya ce, “Yamma, wajen injin niƙa.” Amma a gida ya ce wa Mama, “Ba ta saki igiya ba fa. Hannu na jini, ba ta saki ba. Frane ne sak.”

Kin tuna a hanyar dawowa, da kike cewa keji zai tsare ta amma ba zai dawo da irinta ba? Kin ce suna sakin ƙwai ne cikin ruwa, kuma sai da wata periskar a kusa abin yake yin albarka, ita kaɗai sai dai ta tsufa a kejinta. Ina kallon Dida lokacin. Ya tsura wa gaban jirgi ido kamar bai ji ba, har ya ce miki ki matsa kin danne masa igiya.

Ranar Laraba da safe mun gama jan kwanduna, na ɗauka gida za mu. Sai ya juya jirgi wani gefen da ban taɓa zuwa ba. Na ce, “Dida, ina za mu?” Ya ce, “Yi shiru, ki kalli tudu.” Muka shiga wani ɗan lungu tsakanin duwatsu inda jirgin 'yan hutu ba zai iya kutsawa ba. Ya kashe inji, ya miƙo mini bokitin gilashi.

Na leƙa. Ciyawa ce kawai tana kaɗawa. Ya kama bokitin ya karkata shi kaɗan.

Teta, biyu ne. Ɗaya babba, ta kusa kai tamu. Ɗaya ƙarama, ba ta fi tafin hannuna ba, ɓawonta da ƙayoyi-ƙayoyi. Ko kaya ban tsaya cirewa ba, na faɗa da rigata. Na wuce ta kansu, dukansu suka rufe.

Na fito ina haki na ce, “Tun yaushe ka sani?”

Ya ce, “Babbar, tun kafin ki iya karatu. Ƙaramar, bana na gan ta.”

“Kuma ka bar Teta ta tafi ba ka ce komai ba?”

“Sai na ga abin da za ta yi da ta farko tukuna. Kwana huɗu ina zagayawa. Ba alama a kan ruwa, ba baƙon jirgi, ba wanda ya zo tasha yana tambaya.” Ya ja igiyar inji, sannan ya ce, “Nan kakarki kaɗai na taɓa kawowa. Ko ubanki bai sani ba.”

Sai na zauna ina ɗiga a gaban jirgi ina kallon tudu kamar yadda ya ce.

Na tambaye shi ko in gaya miki. Ya ce in gaya miki abin da na gani, ban da inda na gani. Don haka kada ki tambaye ni, ko da wasa. Tsakaninsu da tamu bai kai tafiyar minti goma a jirgi ba, wannan ya yarda in faɗa. Ya isa kusa? Ƙaramar 'yar wace ce a cikinsu? Za ki iya ganewa in kin auna?

Ya ce ki zo da keji biyu, ɗaya ƙarami. Ya ce Asabar ta sama ruwa zai kwanta. Ya kuma ce ki sayi safar hannu ta kirki a Zadar, don shi ba zai rage ko kwando ɗaya ba.

Zan jira ki a tasha. Wannan karon ni zan fara gaishe ki.

Taki,
Vinka